Fashin Baƙi: Abin da Ke Sa Dek Mai Jigo Ya Tsaya da Ƙafarsa a Wasan Magic

Wasan katin Magic: The Gathering bai yi yaɗuwar ludo ko dara a zangunan Kumasi ba, kuma da wuya ya yi nan kusa. Sai dai 'yan tsirarun samarin Aboabo da Asawase da Sawaba da suka kamu da shi, wasu ta manhajar MTG Arena a waya, wasu ta hannun ɗan'uwan da ya aiko da katuna daga Amurka ko Jamus, kusan dukkansu tambaya ɗaya ke damunsu. Me ya sa mutum zai zauna ya tsara ƙunshin katunansa, wanda 'yan wasa ke kira dek, a kan abin da ransa ke so, ya zaɓi kowane kati da hannunsa, sannan ya zo tebur ya sha kashi a hannun wanda ya sayi nasa a haɗe daga kamfani bai canza ko guda ba? Amsar tana cikin yadda ake fahimtar jigo, kuma rabinta lissafi ne tsagwaronsa.

Richard Garfield, masanin lissafi Ba'amurke, shi ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar da shi a 1993. Abin da ya bambanta shi da karta irin wadda muka sani shi ne ba a raba wa 'yan wasa katuna daga tari ɗaya. Kowa yana zuwa da nasa dek ɗin da ya haɗa daga cikin dubban katunan da aka buga. Katunan sun kasu launi biyar, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore, kowane launi da abin da ya ƙware a kai da abin da ya gaza. Mafi yawan katuna ba a buga su kyauta: suna da farashi na makamashin da wasan ke kira mana, kuma makamashin yana fitowa ne daga katunan ƙasa, waɗanda doka ta ba ɗan wasa damar ajiye guda ɗaya tak a kowane zagaye. Ana fara wasa da katuna 7 a hannu, sannan a ja ɗaya duk zagaye.

A tsarin gasa da aka fi sani, dek ba ya kasa katuna 60, ana iya maimaita kati har sau 4, kuma kowa yana farawa da makin rai 20. Amma tsarin da dek mai jigo ya fi samun wurin zama shi ne Commander, wanda 'yan wasa ne suka ƙirƙiro shi da kansu kafin kamfanin ya fara sayar da dek ɗinsa a haɗe a 2011. A nan katuna 100 ne cif, ba a maimaita kati sai katunan ƙasa na asali, makin rai 40 ne, kuma yawanci mutum huɗu ke zama. Ɗaya daga cikin ɗarin shi ne kwamanda, wanda ba a gauraya shi cikin tarin. Yana gefe, ana iya kiransa fage duk lokacin da aka sami kuɗinsa, kuma launukansa ne ke iyakance launukan sauran 99 ɗin. A ganina wannan tsari ya fi dacewa da mu a nan, domin kwafi ɗaya na kowane kati ake nema, kuma katunan ba sa fita daga yayi kamar yadda suke fita a Standard, wani tsarin gasa na katuna 60, bayan 'yan shekaru. Wanda katunansa sai sun tsallako teku ba zai so a ce masa sun daina aiki ba.

Jigo iri biyu ne, ko da yake sabon ɗan wasa ɗaya yake gani. Akwai jigon da ido ke gani, wato zane da suna da irin halittar da ke kan katin, a ce duk mayaƙa ne a kan dawakai, ko duk tsuntsaye, ko duk halittun teku. Akwai kuma jigon da ke aiki, wato abin da katunan ke yi wa junansu idan sun haɗu a fage, da hanyar da wannan haɗuwa za ta bi ta kai makin abokan hamayya sifili. Dek ɗin da aka gina a kan na farko kaɗai kamar biki ne da kowa ya ɗinka anko amma ba a sa wanda zai ɗora tukunya ba. Saboda haka, kafin a zaɓi kati na biyu bayan kwamanda, ya kamata mai dek ya iya faɗa a jimla ɗaya yadda yake shirin cin wasa. Idan jimlar ta tsaya a "zan cika shi da tsuntsaye", ba a fara aiki ba tukuna.

Misalin da ya fi nuna wannan a fili shi ne na Goblin, wasu ƙananan halittu masu yawa da rashin hankali da launin ja ya shahara da su, ƙarƙashin kwamanda Krenko, Mob Boss, wanda ya fito a 2012. Farashinsa makamashi 4 ne. Duk lokacin da aka kwantar da katinsa a gicciye, yana haifar da sababbin Goblin daidai da adadin waɗanda mai shi ke da su a fage, shi ma a ciki. A ce a zagaye na huɗu mai shi ya kira shi, ya tarar da Goblin biyu sun riga shi. A zagaye na biyar uku za su zama 6, a na shida 6 su zama 12, a na bakwai 12 su zama 24. Jimlar wannan dek a bayyane take: zan ninka rundunata har ta fi ƙarfin a tare ta. Da zarar an faɗi haka, sai a ga cewa katunan da suka fi yi wa jigon hidima ba lalle ne su zama Goblin ba. Impact Tremors kati ne gama-gari mai farashi 2, kuma duk halittar da ta shigo fage a ɓangaren mai shi tana rage wa kowane abokin hamayya maki ɗaya. Ranar da Krenko ya haifi 12, kowane abokin hamayya ya rasa maki 12 ba tare da an kai hari ba. Skullclamp kayan aiki ne da ke ƙara wa halitta ƙarfin bugu da ɗaya, ya rage mata juriya da ɗaya, sannan idan ta mutu mai shi ya ja katuna biyu. Tun da juriyar ƙaramin Goblin ɗaya ce, ɗora masa Skullclamp na kashe shi nan take, wato da makamashi ɗaya an mayar da soja mara amfani katuna biyu a hannu. Lightning Greaves kuwa yana ba Krenko damar yin aiki a zagayen da ya shigo, maimakon ya jira na gaba, ya kuma hana a nufe shi da katin kisa. A cikin ukun nan babu wanda doka ke lissafawa a matsayin Goblin, amma wanda ya fitar da su don ya sa Goblin uku marasa aiki ya raunana jigon da yake tsammanin yana karewa.

Daga nan sai lissafi, wanda shi ne ɓangaren da aka fi gudu. Daga katuna 99, masu gogewa sukan ware 36 zuwa 38 na ƙasa. Wannan adadi yana yi wa sabon ɗan wasa zafi, domin katin ƙasa ba ya kai hari kuma ba ya burge kowa, don haka da wuri ya yi ƙaranci shi ake fara yankewa. Ga abin da yankan ke jawowa. Idan katunan ƙasa 37 ne, yiwuwar mutum ya buɗe hannun farko ya tarar da ɗaya ko babu ko ɗaya ta kai kusan kashi 19 cikin 100, wato kimanin sau ɗaya a wasa biyar. Idan aka rage su zuwa 30, yiwuwar ta haura kashi 31, kusan sau ɗaya a wasa uku. Gaskiya ne doka ta yarda a mayar da hannu a sake ja, kuma a wasan mutum da yawa na farkon kyauta ne, amma daga na biyu kowane sakewa yana cin kati ɗaya. Katuna bakwai masu kyan zane da aka cusa a madadin ƙasa bakwai ba su da amfani ga wanda ke riƙe da su a hannu yana kallo ba shi da abin biya.

Bayan ƙasa akwai ayyuka uku da kowane dek ke buƙata ko mene ne jigonsa. Na farko katunan ƙara makamashi da wuri, irin su Sol Ring, wanda farashinsa ɗaya ne amma yana ba da biyu kowane zagaye, ko Cultivate a launin kore, wanda ke nemo ƙasa biyu daga cikin tari. Na biyu katunan jan ƙarin katuna, domin wanda ya dogara da ɗaya a kowane zagaye zai wayi gari hannunsa wayam alhali sauran uku suna da abin bugawa. Na uku katunan kawar da abin da abokin hamayya ya ajiye, irin su Swords to Plowshares a fari, wanda da makamashi ɗaya yake fitar da halitta daga wasa. Kowane rukuni akan ba shi kimanin 10, kuma wannan goman ma lissafi ne ya kawo ta. Kati ɗaya tilo a cikin 99 yana da yiwuwar kusan kashi 7 cikin 100 ya zo a hannun farko, amma idan katuna 10 ne ke aiki iri ɗaya, yiwuwar samun aƙalla ɗaya ta kai kusan kashi 54. Idan aka cire 37 da goma sau uku daga 99, abin da ya rage 32 ne. Wannan shi ne ainihin filin da jigo ke da shi, kuma a nan mafi yawan masu farawa ke jin kamar an yi musu ƙwange.

Hanyar faɗaɗa filin ita ce neman katin da ke cikin jigo kuma yake yin ɗaya daga cikin ayyukan uku. Shi ya sa Elf, mutanen daji masu dogon kunne na launin kore, suka zama jigon da ya fi sauƙin ginawa. Llanowar Elves, wanda yake cikin wasan tun 1993, Elf ne mai farashi ɗaya da ke ba da makamashi ɗaya kowane zagaye. Elvish Archdruid yana ƙara wa sauran Elf na mai shi ƙarfi, sannan yana ba da makamashi daidai da adadinsu a fage. Mai wannan jigo yana cike gurbin ƙara makamashi ba tare da ya fita daga gida ba, don haka 32 ɗinsa sai su zama 40 ko fiye. Duk jigon da mutum ya zaɓa, awa ɗaya a kan shafin intanet na Scryfall, inda ake iya tace katuna da launi da irin halitta da kalmomin da ke jikinsu, ta fi amfani a wannan mataki fiye da sayen fakiti goma. Shafin EDHREC ma yana nuna katunan da mutane suka fi haɗawa da kowane kwamanda, sai dai wanda ya kwafe jerin gaba ɗaya ya gina dek ɗin kowa ne, alhali nasa ya fito nema.

Matsala mafi wuya ita ce jigon da zuciya ke so amma katunan ba su kai ba. Ɗan Zango da ya taso yana jin labarin fatake, abu ne mai sauƙi ya yi sha'awar dek na ayari, da raƙuma da hamada da kasuwa, ko da yake kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da jakuna suka fi zuwa. Raƙuma suna nan a wasan. Kashi na farko da aka ƙara wa Magic, Arabian Nights na ƙarshen 1993, yana da kati mai suna Camel, fari ne mai farashi ɗaya wanda ƙarfin bugunsa sifili ne. A 2017, katunan duniyar Amonkhet da aka zana bisa tsohuwar Masar sun kawo Supply Caravan da Solitary Camel da Wretched Camel. Amma ko an tattaro duk raƙuman wasan ba za su cike gurbi 32 ba, kuma mafi yawansu ba sa ƙara wa junansu komai. Katin kasuwa da ya fi suna, Bazaar of Baghdad, yana cikin jerin da kamfanin ya yi alkawari tun 1996 cewa ba zai sake bugawa ba, kuɗinsa ya haura dala dubu, don haka ba a maganarsa a aljihun ɗalibi.

Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a matsar da jigon taki ɗaya zuwa inda wasan ya tanadi kayan aiki. Raƙumi ba shi da kwamandan da ke tafiyar da shi yadda Krenko ke tafiyar da Goblin, amma hamada tana da shi. Hazezon, Shaper of Sand, na 2022, mai launin ja da kore da fari, yana haifar da mayaƙan rairayi biyu duk lokacin da katin ƙasa mai nau'in Desert ya shigo fage a ɓangaren mai shi, kuma yana ba da damar sake ajiye irin waɗannan katuna daga tarin waɗanda aka zubar. Katunan Desert kuwa sun yawaita a 2017, aka ƙara wasu a 2024, da yawansu kuma gama-gari ne masu araha. Yanzu jimlar ta samu: zan riƙa ajiye hamada, in zubar, in sake ajiyewa, har mayaƙan rairayi su cika fage. Kyawun wannan gyara shi ne katunan ƙasa 37 ɗin da suke cin wuri a sauran dek, a nan wani kaso nasu ya zama zuciyar jigon. Raƙuma sai su shigo a matsayin ado, biyu ko uku, musamman Solitary Camel da ke ƙara wa mai shi rai muddin akwai Desert. Wretched Camel kuwa dole ya zauna a gida, domin baƙi ne, kuma babu baƙi a launukan Hazezon. Ni ina ganin ajiye gurbi huɗu ko biyar don katunan da mutum ke so kawai saboda zanensu ba laifi ba ne, da sharaɗin ya san adon ne, kuma ya san su zai fara cirewa idan dek ya yi rauni.

Kowane jigo yana zuwa da raunin da ya gada. Wanda ya tara ƙananan halittu da yawa ya san kati ɗaya na iya share masa fage: Wrath of God da makamashi 4 yana kashe dukkan halittu, Pyroclasm da makamashi 2 ya isa ya gama da duk ƙananan Goblin da Krenko ya haifa. Kuma duk lokacin da aka sake kiran kwamanda bayan an kashe shi ana ƙara biyu a farashinsa, don haka Krenko na 4 zai koma 6, sannan 8. Dek ɗin da ba ya motsi sai da kwamandansa, idan aka kashe shi sau biyu, mai shi ya koma ɗan kallo. Maganin shi ne a sa wasu katuna kaɗan da ke yin irin aikin kwamandan ko da ƙarfinsu bai kai nasa ba, a kuma koyi riƙe wani abu a hannu maimakon zube komai a fage. Launi ma yana da nasa gibin. Ja ba ya iya lalata katunan da ke zama a fage irin su Impact Tremors idan abokin hamayya ne ya ajiye su, shi ya sa Chaos Warp, wanda ke mayar da kowane irin katin da ke fage cikin tarin mai shi, yake samun gurbi a kusan kowane dek ja zalla.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Fakitin da aka rufe ba a san abin da ke ciki ba, don haka wanda ke neman katuna takamaimai ya sayi ɗaiɗai, ya rubuta jerinsa ya kammala kafin ya roƙi mai zuwa gida ya taho masa da su, tun da kuɗin aike da na kwastan na iya fin kuɗin katunan kansu idan aka yi ta oda kaɗan-kaɗan, ga kuma sidi da ba ya zama wuri ɗaya a gaban dala. Iyayen da ke ganin katuna su tuna caca suna da hujjar tambaya, domin dokokin farko na 1993 sun ƙunshi sa kati ɗaya a matsayin abin ci, wanda ya yi nasara ya ɗauka. An daɗe da cire wannan daga wasan da aka saba, kuma katunan da ke magana a kansa haramtattu ne a Commander. Katunan da aka samu kuma a sa su cikin rigar leda tun ranar farko, saboda danshin daminar Kumasi yana lanƙwasa kwali, musamman masu ƙyalli, kuma katin da ya lanƙwashe ana gane shi ta baya.

Ƙarfin dek ba ya da ma'ana sai an auna shi da na waɗanda za a zauna da su. A 2025 kamfanin ya gabatar da matakai biyar na ƙarfin dek a Commander, kuma mataki na farko an ware shi ne musamman ga waɗanda jigo ya fi musu cin wasa muhimmanci. A ƙungiya ƙarama irin tamu, inda mutum huɗu ɗin nan ne dai za su sake haɗuwa mako mai zuwa a kan benci ɗaya da butar ataya ɗaya, wannan magana ta fi nauyi. Ya isa babba ya ce, "Ƙanena, yau ayarinka za ka fito da shi ko Krenko?" domin shi ma ya san wanda zai ɗauko. A wannan zama ne kuma ake yanke hukunci kan katunan da aka buga a takarda a madadin na asali. Ba a karɓarsu a gasar da kamfani ya amince da ita, amma tsakanin abokai yarjejeniya ce, kuma hanya ce mai kyau ta gwada kati kafin a kashe masa kuɗi.

Gwajin farko ba ya buƙatar abokin hamayya. Mai dek ya gauraya sosai, ya ja 7, ya buga zagaye shida shi kaɗai, ya maimaita kamar sau goma yana rubuta abu uku: zagayen da kwamanda ya shigo, sau nawa aka rasa ƙasar ajiyewa, da katunan da suka zauna a hannu har ƙarshe ba a buga su ba. Idan kwamanda mai farashi 4 yana yawan shigowa a zagaye na shida, ƙasa ko katunan ƙara makamashi ne suka yi kaɗan. Idan hannu yana ƙarewa a zagaye na biyar, na jan katuna ne. Idan kuwa kati ɗaya ya yi ta bayyana cikin waɗanda suka zauna a hannu, yawanci mai farashi 6 ko 7 ne da aka sa don zanensa, kuma a shimfiɗa dek ɗin a tabarma bisa farashi zai nuna ko irinsa sun wuce shida ko bakwai. Bayan an fara wasa da mutane, a riƙa canza katuna biyu ko uku a lokaci guda, a buga wasanni da dama kafin a sake taɓawa, domin wanda ya canza goma sha biyar a dare ɗaya ba zai san wanne ne ya gyara dek ɗin ba, wanne ne kuma ya ɓata shi.